Gaisuwar da Na Yi wa Katanga

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗora ni a 'yar motar nan ta 'yan golf, aka zagaya da ni gefen filin ƙwallo, iyayen yara suna tafa mini, alhali ni ko ƙurji babu a jikina. Har yanzu in na ji an busa usur, ko a talabijin ne, sai in kai hannu in dafa gwiwata. Ƙawata da muke aiki tare ta ce in rubuta abin in huta. To ga shi ina rubutawa, hutun ne dai ban gani ba tukuna.

Bari in fara da gaya muku ko ni wace iri ce. Ni matsoraciya ce, irin ta ainihi. A Maradi na gama lise, wato sakandare, sannan muka biyo Mama nan Greensboro ta Amurka, inda nake aiki a wani ƙaton sito da ke Wendover, ina cusa kaya cikin kwali daga safe zuwa la'asar. Faransanci ina ji sosai, amma Turancina kalmomi biyu ne ke riƙe da shi, yes da sorry. In shugabar aikinmu ta kira sunana, na riga na ce sorry kafin in ji abin da za ta faɗa. (Wata rana ashe cewa za ta yi ɗankwalina ya yi kyau.)

Ƙanwata Nafisa kuwa kamar ba ciki ɗaya muka fito ba. Tana ƙarama aka zo da ita, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, kuma tun da ta iya gudu take buga ƙwallo. Yanzu tana shekara goma sha huɗu, duk yaran unguwarmu ta Gate City Boulevard sun san ƙafarta ta hagu. Burinta ɗaya a duniya: ta shiga wata ƙungiyar 'yan mata da ke zuwa wasa garuruwa, wadda ake cewa daga nan manyan makarantu ke ɗaukar yara. Gurbi kaɗan ne, kuma mutum ɗaya ne ke zaɓa, wato kocinsu, wani dattijon Bature ɗan Beljik.

Labarin mutumin nan Kawu Isufu ne ya kawo mana shi. Kawu ƙanen Mama ne, direban motar raba kaya, kuma in dai zancen balon ne, wato ƙwallo, ba ya buƙatar a tambaye shi. Ya zauna a falonmu ya ajiye cokali ya ce wannan ba ƙaramin mutum ba ne. Wai a wani ɗan gari ya taso inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya fara wasa a ƙaramar ƙungiya, mai tsaron baya ne, har ya hau rukuni na ɗaya a ƙasarsu. Saboda babu mai wuce shi, 'yan kallo suka sa masa wani suna da yarensu wanda Kawu ya fassara mana da Katanga. An taɓa kiransa ƙungiyar ƙasa, sai dai a benci ya zauna. (Kawu ya ce wannan hassada ce, kamar yana wurin.) Daga baya gwiwarsa ta lalace a wani wasa, ya koma horar da yara, ya riƙe wata ƙungiya ta rukuni na biyu har aka sallame shi, sannan ya biyo 'yarsa da ke aure a nan. Kawu ya nuna mana wani tsohon bidiyo a waya, dishi-dishi, wani mai gashin baki da ɗan guntun wando yana ture mutane kamar yana share hanya.

Sai kuma ya ƙara da abin da ya zo ya hana ni barci daga baya. Ya ce abu ɗaya Katanga ya tsana a rayuwarsa, shi ne faɗuwar ƙarya. Wai ya taɓa fitar da ɗan wasansa da kansa daga fili, bayan yaron ya zube da gangan an ba su fenariti. Kawu ya nuna Nafisa da yatsa ya ce ko an karya ta, ta tashi.

Mama ba ta so wannan harka ba tun farko. Yarinya mace, tafiye-tafiye, ga wani Bature da ba ta san asalinsa ba. Da Nafisa ta yi kwana da kwanaki tana kumbura, sai Mama ta ce to, ta je gwajin shiga ƙungiyar, amma da ni za a je, tunda ita tana aiki ranar Asabar. In je in ga idon mutumin, in tambaye shi ko zai bar yarinya ta sa hijabinta da dogon wando. Ta kuma kama hannuna ta ce:

"Ba irin gaisuwar nan taku ta hi za ki yi masa ba. Sa'an babanku ne. Ki durƙusa har ƙasa, ya san daga gidan mutane kuka fito."

Na ce to, Mama.

Filin yana can wajen Sedgefield, ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma. Rana ta take, irin zafin nan mai danshi da ke manna wa mutum kaya a jiki. Iyaye sun jeru a kan kujerun naɗewa, kowa da akwatin ƙanƙararsa da hular rana, ni kuma ga ni da zumbulelen hijabi ruwan ƙasa. Tun a mota nake bitar abin da zan faɗa da Faransanci, na tsara shi tsaf har da gaisuwar Mama. Nafisa tana sauka ta ce mini, "Yaya, please, be normal," ta ruga wurin 'yan'uwanta.

Na hango shi a bakin layi. Gashin bakin yana nan amma ya yi fari, fuskarsa ja kamar an gasa, kuma bidiyon Kawu bai nuna rabin girmansa ba. Yana ɗan jan ƙafa in yana tafiya, usur a wuya. Yara sun fara ɗumama jiki. Na ce wa raina in ban je yanzu ba, ba zan taɓa zuwa ba. Na taka har na isa gabansa, na sunkuyar da kai, na zube ƙasa kamar yadda nake yi wa tsofaffin unguwarmu a Maradi, hannuna biyu a kan gwiwa.

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Faransancin da na kwana ina gogewa ya tashi ya bar ni. Abin da ya fito wani ɗan nishi ne kawai.

Yanzu ku tsaya a inda yake ku duba. Mutum ya shafe rayuwarsa a filin ƙwallo. A duniyarsa, in mutum ya zube ƙasa yana riƙe da gwiwa yana nishi, ma'ana ɗaya ce. Sai kawai na ji usur a saman kaina, mai ƙarfi, har kunnena ya yi ɗif. Ya ƙwala kira, "Debbie!" Duk filin ya tsaya. Ya sunkuyo, bai taɓa ni ba, ya tambaye ni da Turanci ko gwiwa ce.

Na ji tambayar sarai, kada ku ce ban gane ba. Amma idon mutane sun fi ɗari a kaina, ga wannan jar fuska dab da tawa. Bakina ya yi abin da ya saba.

Na ce, "Yes." Sannan na ƙara da, "Sorry."

Debbie ita ce mai duba yara in sun ji ciwo, wata gajeriyar mata mai ƙarfi da jakar magani a kafaɗa. Ta iso a guje ta tambaye ni wace ƙafa. A nan ne fa nake da damar ƙarshe ta miƙewa in ce ni gaisuwa nake yi. Maimakon haka na duba ƙafafuna biyu kamar mai zaɓen atamfa, na nuna hagu. Ta latsa nan ta ce da zafi, na ce yes. Ta latsa can, na ce yes. Ta girgiza kai cikin tausayi. Ta fesa mini wani abu mai sanyi ta saman siket, ta naɗe gwiwar da bandeji, ta ɗora ƙanƙara. Wata uwa ta kawo lema, wata ta ɗura mini ruwa. Wani uba ya ciro waya ya ambaci ambilans, a nan ne kawai na sami kalma ta uku a Turanci, na yi ta cewa no, no, no har ya mayar da wayar aljihu.

Sai ga 'yar motar golf. Mata biyu suka tallafe ni suka ɗora a baya, ƙafata a miƙe. Kuma ashe al'adarsu ce in an fitar da wanda ya ji ciwo a tafa masa. Motar tana tafiya a hankali, slow kamar ta amarya, iyaye suna miƙewa suna tafi. Wani tsoho ya ɗaga mini babban yatsa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga masa hannu. Da na waiga sai na hango Nafisa a tsakiyar fili ta ja wuyan rigarta ta rufe fuska. Ita kaɗai ce a wurin ta san abin da na je yi.

Aka ajiye ni ƙarƙashin wata rumfa, ƙafata bisa akwatin ƙanƙara. Aka kawo mini yankakken lemo da ayaba. (Na cinye. Ban san me ya sa ba. Ina kuka a zuci ina ɓare ayaba.) A nan maganar Kawu ta dawo mini. Mutumin da ya kori ɗan wasansa saboda faɗuwar ƙarya, yau ga yayar mai neman gurbi ta tsayar masa da gwaji gaba ɗaya da faɗuwar ƙarya, har da mota. In ya gane, me zai ce game da gidanmu? Nafisa ta yi shekaru tana jiran wannan rana, ni kuma na zo na zauna a kanta da bandeji. Na yanke shawara cewa babu mafita sai in riƙe ciwon nan har mu isa gida, in ma ta kama in yi wata guda ina ɗingishi.

Aka fara wasa. Ban san ƙwallo ba, amma na ga Nafisa tana gudu kamar mai neman wanda za ta daka. Can wata doguwar yarinya ta kwashe mata ƙafa, ta yi sama ta faɗo, har iyaye suka yi ajiyar zuciya. Kafin alƙalin wasa ya kai usur baki ta miƙe ta bi ƙwallo, jini a gwiwar hannunta. Daga baya ta ce mini ta ji zafi kamar ta mutu, amma ta ga maƙaryaciya ɗaya ta ishi gida ɗaya.

Ruwan da aka yi ta ɗura mini ne ya kashe ni. Na daure, na daure, na ga ba dama, dole in je banɗaki, kuma yana can ƙarshen fili. Debbie ta ce ta kawo mota, na ce no. Na miƙe na fara ɗingishi, kuma gaskiya na yi ƙoƙari, har da cije leɓe da dafa kujerun mutane. Na je na dawo ina jin cewa ko ba komai wannan ɓangaren na iya shi. Ina zama na ga kocin ya juya wa wasan baya, ya harɗe hannuwa, ni yake kallo.

Da aka tashi, ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da ni. Nafisa ta gaya masa ina jin Faransanci, don haka da shi ya yi mini magana, a hankali, kamar likita. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini gwiwarsa. Tabo ne dogo mai ƙafafu, kamar shanshani ya kwanta a kai. Ya ce ranar da abin ya faru ana ruwa, ya ji ƙarar da kunnensa kafin ya ji zafin, kuma yana kwance a taɓo ya san wasa ya ƙare masa. Ya ce an yi masa aiki har ya daina ƙirgawa, kuma shi ya sa in ya ga mutum ya riƙe gwiwa ba ya tsayawa tambaya. Ni dai ina ta gyaɗa kai.

Sannan ya sauke wandon ya ce:

"Madmazel, na ga masu faɗuwar ƙarya a ƙasashe da yawa, wasu har kyauta suka cancanta. Amma wanda aka ɗaure wa hagu ya yi ɗingishi da dama, ke ce ta farko."

Na duba ƙafata. Bandeji a hagu. Na tuna tafiyata zuwa banɗaki. Dama.

Kukan da nake riƙewa ya ɓalle, kuma abin mamaki, tare da shi Faransancin ya dawo, duka, har da wanda ban shirya ba. Na gaya masa ni ba faɗuwa na yi ba, gaisuwa ce. A wurinmu haka ake gaida babba, Mama ce ta aiko ni, tsoro ne ya sa na ce yes, kuma don Allah kada ya hukunta Nafisa, ita ba ta ƙarya, ni ma ba na yi sai in an tambaye ni da Turanci. Ya ce wato duk wannan, ina kwana nake ce masa? Na ce eh. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya rufe fuska da hularsa, ya yi dariya har da tari. Ya ce shekarun da ya yi yana wasa kofunan giya aka yi ta jifansa da su, da ya zama koci kuma takardar kora aka ba shi, babu wanda ya taɓa durƙusa masa, ran da aka fara kuma ya kira motar marasa lafiya.

Amma game da Nafisa bai ce komai ba. Cewa kawai ya yi yana son ganin mahaifiyarmu.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan su ga kowa. Nafisa ta daina yi mini magana da kowane yare. Kawu Isufu ya riƙe kai ya ce shi ke nan, mutumin zai zo ne ya faɗa mana a fuska, haka Turawan can suke. Mama kuwa ba ta ga laifina a durƙuson ba, abin da ya dame ta shi ne na ci ayabar mutane a kan ƙarya.

Sai ranar Lahadin makon da ya biyo baya da la'asar ya zo. Mama ta yi shinkafa da miya da kwaɗon zogale, Kawu ya sa babbar riga kamar ranar Salla, maƙwabcinmu Alhaji Musa ma ya shigo wai ya zo aron caja. Kocin ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya cika falon. Ya dubi Mama da ke zaune a kujera, ya dube ni, ya ɗan kashe ido. Kafin wani ya yi motsi, sai wannan ƙaton mutum ya tafi ƙasa a hankali, ya durƙusa a gaban Mama, hannu biyu a gwiwa, ya ce, "Ina wuni." Ashe Nafisa ya sa ta koya masa. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, na ɗauka katakon ɗakin ne.

Mama ta ji daɗi har fuskarta ta canza. Ta gyara zama ta shiga gaisuwa ta gaske. Ina gajiya, ina gida, ina iyali, yaya zafin nan, yaya 'yarsa, yaya mijin 'yar, an samu jikoki, yaya aka baro mutanen Beljik. Ina fassarawa, yana amsawa, kuma bai tashi ba. Jar fuskarsa ta ƙara ja, gumi na bin gashin bakinsa. Mama ta juya ta ce wa Kawu ya duba ladabi, ko 'ya'yan da muka haifa ba sa daɗewa haka a ƙasa. Ta ce masa ya tashi haka nan, ya isa. Na fassara. Bai motsa ba. Ya yafito ni da ido, ya ce ƙasa-ƙasa:

"Madmazel, wannan ta gaske ce. Hagu."

Kawu da Alhaji Musa ne suka ɗaga shi, ɗaya a kowace hammata, suna salati, shi kuma yana faɗin wasu kalmomi da yarensu da ban nemi fassararsu ba. Aka kwantar da Katanga a doguwar kujerarmu. Babu ƙanƙara, sai ledar kuɓewa da ke cikin firiza, ita aka ɗora masa. Mama ta ɗauko man zafinta da ba ta ba kowa, ta miƙa wa Kawu ya shafa masa. (Kawu har yau yana ba da labarin cewa da hannunsa ya taɓa gwiwar da ta buga rukuni na ɗaya.)

Daga nan kwance, da kuɓewa a gwiwa da faranti a ciki, ya ce yana son Nafisa a ƙungiyarsa. Ya ce yarinyar da aka kwashe haka ta tashi ba ta ko kalli alƙali ba, irinta yake nema tun yana Beljik. Da na tambaye shi zancen hijabi da dogon wando kuwa, ya ce ta sa abin da take so, shi ƙafa yake kallo. Mama ba ta ma jira na gama fassara ba. Ta ce mutumin da zai karya kansa don ya gaishe ta, ta ba shi amanar 'yarta. Nafisa ta yi tsalle ta rungume Mama, ta rungume Kawu, ta zo kaina ta tsaya, ta ce da Hausa, wadda rabon da in ji ta a bakinta an daɗe, "Yaya, ke dai Allah ya shirye ki."

Yanzu kusan kowace Asabar ni ke raka ta. Ina zama can baya, nesa da rumfa. Ni da koci mun yi yarjejeniya, daga tsaye muke gaisawa, shi ya dafa ƙirji ni in dafa ƙirji, kowa ya tsira da gwiwarsa. Iyayen nan dai ba wanda ya gaya musu gaskiya, har yau tsohon nan yana ɗaga mini babban yatsa. Debbie kuma duk ran da ta gan ni sai ta tambayi ƙafa, ni kuma in ce better, thank you. Kun ga Turancina ya ƙaru.

Abin da na koya shi ne, kafin in durƙusa wa kowa a ƙasar nan, sai na fara sanar da shi da baki cewa lafiyata ƙalau, kuma in duba ko akwai usur a wuyansa. In kuma tsoro ya riga ya sa na ce yes, to aƙalla in tuna wace ƙafa na nuna.